Ɗan Tabawa da Lasifikar Jam'iyya

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, kuma har gobe ina iya jera muku waɗanda ke wurin, kowa da inda yake. Akwai Alhaji Garba mai yadi, ciyaman na reshenmu, yana kan kujera mai hannu, wadda ita kaɗai ce a ofishin. Akwai Malam Sani sakatare, malamin makaranta ne Bazazzagi, yana kan benci kusa da taga. Akwai Isyaku direba, Bakatsine, shugaban matasa. Shi ban taɓa ganin ya zauna a mitin ba, kullum a tsaye yake magana kamar fasinja na jiransa a waje. Kofur Audu mai gadinmu yana bakin ƙofa da sandarsa, tsohon soja ne da ya baro ƙafa ɗaya a yaƙin basasa. Sai ni Asabe mai girkin ofishin, da Tabawa mai taya ni. Mu biyu muna tsakar gida wurin murhu.

Shekarar 1979 ce, da damina, zaɓe ya matso. Soja sun ce za su miƙa mulki, an buɗe siyasa, kowa ya ɗauki tuta. Jam'iyyarmu ba ta masu kuɗi ba ce. Leburori ne da direbobi da teloli da 'yan tireda. Akwai wata babba wadda kowa ke cewa ita za ta ci, mu kuma aikinmu mu ja da ita. Ofishinmu gidan haya ne a Unguwar Shanu, ɗaki biyu da zaure.

Ku da kuke girkin taro yanzu ku ji yadda tsarin yake a lokacinmu. Mai girki ba ta shiga ɗakin mitin sai ciyaman ya tafa hannu. In ta shiga ta ajiye tire, ta zuba ruwan wanke hannu, ta fita. Ba ta sa baki, ba ta dariya ko da an yi abin dariya, abin da ta ji kuma ba ta kai shi kasuwa. Ni na riƙe wannan doka, na kuma kori mata biyu a kanta. Sai dai tagar ɗakin tana kallon murhuna, ba abin da ke wuce ni.

Tabawa mutuniyar Zamfara ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ɗanta na fari ya shiga soja lokacin yaƙi, ya tafi kudu, bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba a aiko kowa da saƙo ba. Da mijinta ya rasu sai ta tattaro ta zo Kaduna wurin 'yarta da ke aure a Unguwar Sarki, don a tunaninta nan ne garin soja, in zai ɓullo ta nan zai ɓullo. Ta sha zuwa ƙofar bariki a Mando ta tsaya tana kallon fuskoki har masu gadi su kore ta. Ba ta yarda an yi masa sadaka ba. Ban taɓa jin ta ce Allah ya jiƙansa ba, sai dai Allah ya tsare shi inda yake. Sunansa kuwa, kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Yaron ga" take cewa. Ni ma a bakin 'yarta na ji shi.

Abin da ya tara su ran nan shi ne babban taron da za a yi washegari Alhamis da la'asar, a filin ƙwallo na unguwa. Isyaku ne ya fara.

"Ranka ya daɗe, mu daina wasa. Kullum taki, kullum asibiti, kullum kuɗin makaranta. Su ma abin da suke faɗa ke nan, kuma su suna da shinkafar rabawa. Mu mi muka da shi? Yaƙi! Wa aka kwasa aka kai daji? 'Ya'yan talakawa. Wa ya samu kwangilar gari da takalma ya gina bene? Ga su can a babbar jam'iyya suna ɗaga mana hannu daga cikin mota. Mu faɗa wa mutane!"

Malam Sani ya ce, "Ka gama? To soja dai ba su sauka ba tukuna. Ka taɓa maganar yaƙi gobe, jibi su rufe ofishin nan. Na biyu, muna neman ƙuri'ar mutanen Gabas da suka dawo kasuwa. Da kyar muka samu suna gaishe mu. Za ka tsaya da lasifika ka tuna musu wa ya harbi wa?"

"Tsoro ne ke damunka, Malam."

"Ni tsoro, kai kuma ba ka san bambancin taron siyasa da lodin Funtua ba."

Suka yi ta yi. Ina tuƙa tuwo ina jin su. Kada ku ɗauka Malam Sani tausayin wani yake ji. Lissafin ƙuri'a yake yi, Isyaku ma lissafin ƙuri'a yake yi. Wannan yana ganin yaƙin zai kawo, wancan yana ganin zai kore. A cikinsu ba wanda ya yi maganar yaran nan kamar mutane ne da aka haifa aka yi wa suna.

Can Isyaku ya juya wajen ƙofa ya ce, "To ga Kofur. Ya hau mota gobe ya naɗe wando mutane su gani da idonsu."

Kofur ya ce, "Isyaku, fanshona a hannun soja yake. In sun tsayar da shi kai za ka riƙa ciyar da ni? Kai da ko goro sai an roƙe ka?"

Aka yi dariya. Isyaku bai yi ba. Ya leƙo ta taga, idonsa ya sauka a kan Tabawa tana gyaran alayyahu, na ga fuskarsa ta washe kamar ya tsinci abu a hanya.

"Mun ma yi nisa. Ga uwar soja nan a tsakar gida! Ta hau mota, a ba ta lasifika, ta faɗi sunan ɗanta, ta ce an kashe mata shi, ta ce Allah ya jiƙansa. Wallahi filin nan sai ya yi kuka. Ba sai mun zagi kowa ba."

Na zaci Alhaji Garba zai tsawata masa. Dattijo ne, yana da 'ya'ya, ya san abin da ake nufi da ɗan fari. Sai na ji ya ce, "Wannan kam tsaka-tsaki ne. Ba a ambaci soja ba, ba a ambaci mutanen Gabas ba. Uwa ce ke yi wa ɗanta addu'a, wa zai kama mu? Malam, ka yarda?"

Malam Sani ya ce, "In dai ba za ta wuce haka ba."

Shi ke nan sun shirya. Rigimar da suka yini suna yi, a kan Tabawa suka kashe ta, ita kuma tana waje, hankalinta na kan alayyahu, ba ta ma san ana yi ba.

Alhaji ya tafa hannu. Na ɗauki tire na shiga. Ya ce, "Iya Asabe, turo mana Tabawa."

Na kira ta, tiren na hannuna, ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa. Alhaji ya yi mata bayani da murya mai laushi, irin wadda yake sayar da yadi da ita. Isyaku ya kasa haƙuri, ya ce, "Mu gwada tun yanzu. Inna, mi sunan ɗan naki?"

Tabawa ta ja mayafi ta rufe baki.

"Inna, sunansa kawai."

"Yaron ga..." ta ce, ta tsaya.

"Ba 'yaron ga' za ki ce a lasifika ba! Sunansa na yanka. Sannan ki ce Allah ya jiƙansa. Faɗi mu ji."

A nan na karya dokata. Na dire tiren nan da ƙarfi har miya ta fantsama a tabarma.

Na ce, "Isyaku, kai ɗan fari ne a gidanku?"

Ya ce, "Iya, ba da ke ake ba."

"Tambayarka na yi. Uwarka ta taɓa kiran sunanka ko a cikin ɗaki, balle a filin ƙwallo a gaban maza? Kuma wa ya ce maka ya mutu? Kai ka wanke shi? Kai ka binne shi?"

"Shekara nawa da gama yaƙi? Ai kowa ya sani."

Kofur daga ƙofa ya ce, "Ba kowa ba. Akwai na bataliyarmu da aka yi wa sadakar arba'in, daga baya aka gan shi a Makurɗi yana sayar da rake."

Na juya ga Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, shi wannan yaro ne, kai fa? Matar nan abu ɗaya ya rage mata, ba ta ce ya mutu ba. Shi kuke so ku karɓe don a yi muku tafi? Jumma'a in ta zo kun wuce wani gari da motarku, ita wa zai mayar mata da maganar cikin baki?"

Alhaji ya ɗaure fuska. Ya ce, "Asabe, tun yaushe masu girki suka shiga kwamiti? Ba wanda ya tilasta mata. Tabawa, an tilasta miki?"

Ta ce, "A'a, Alhaji."

"Za ki hau?"

"Awo, Alhaji."

"To kin ji. Koma kan tukunyarki. Gobe mutane daga Kawo har Rigasa za su ci abinci a nan, ina son wuta a murhu tun da safe."

Na fita. Na wanke tukwane kamar zan huda su. Da muka gama, muka kama hanya kafin magariba, na tsayar da ita a bakin kwata.

Na ce, "Ke kuma don me kika ce to? Tsoron Alhaji?"

Ta ce, "Yaya, sun ce mutane da yawa za su taru. Na ce ko cikinsu akwai wanda ya san shi. In an ji sunan, wataƙila wani ya ce ya gane shi wuri kaza."

"To za ki iya faɗin sunan?"

"Ban iyawa."

"Ɗayar maganar fa?"

Ta girgiza kai, hawaye suka zubo. "In na faɗe ta, Yaya, na kashe shi da bakina."

Kun ji. Su suna son gawa, ita tana neman rayayye, kuma a shirye take ta tsaya gaban gari ta sha kunya ko za ta samu labari. Ba wanda ya tambaye ta, don ba wanda ya ga akwai abin tambaya.

Na yi shekaru ina girki a ofisoshin siyasa bayan wannan, na manya da na ƙanana, kuma abin da zan gaya muku shi ne: in kuka ji 'yan kwamiti sun daɗe suna faɗa sannan farat ɗaya sun shirya, ku duba wa aka ɗora wa nauyin shirin. Yawanci yana waje, kusa da murhu ko bakin ƙofa. Mutanen jam'iyyarmu ba mugaye ba ne, maganar Isyaku a kan kwangila ma gaskiya ce, na san gidajen da yake nufi. Amma zaɓe in ya matso, mutum yakan daina ganin maƙwabcinsa, sai abin da maƙwabcin zai jawo masa a akwati. Dokar yin shiru tana nan, ina kuma son ku riƙe ta. Amma ranar da aka kira wadda kuke aiki tare aka durƙusar da ita a tsakiyar ɗaki, ba tire aka aike ku ajiyewa ba.

Washegari da safe ban je ofis ba. Na san buhunan shinkafa na jirana, na san ba wadda za ta iya tukwanen nan in ba ni ba, na kuma san in ban hura wutar nan ba Alhaji ba zai sake buɗe mini ƙofa ba. Na yafa gyalena na tafi Unguwar Sarki. Na tarar da Tabawa har ta yi wanka ta sa zanenta na Salla, tana zaune bakin gado tana jiran a zo ɗaukarta.

Na ce, "Tashi. Masu jin rediyo sun fi masu zuwa filin ƙwallo yawa."

Muka hau bas zuwa gidan rediyo. Muka zauna a benci har aka kira mu wurin mai karɓar sanarwa. Ya ɗago kai ya ce, "Iya, rasuwa ce ko cigiya?"

Na ce, "Cigiya."

"Sunan wanda ake nema?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. Na dafa gwiwarta na ce, "Haruna. Soja ne, dogo, yana da tsage biyu a kumatu. Ka ce uwarsa tana Kaduna, tana Unguwar Sarki, tana jiransa."