Kwalaben Mama Nkechi

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, gidanmu na unguwar Adarawo a Yola ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka iso da ƙafa akwai Bappa Buba, ƙanin babanmu, tela ne da aka ƙone masa shago ƙurmus. Tunda ya zo bai ce uffan ba. Abinci ma sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Wallahi mun tsorata, don manya har sun fara raɗa cewa kansa na neman taɓuwa.

Kakarmu Dada kuwa ba ta fasa al'adarta ba. Bayan magariba takan zauna bakin murhu tana gasa mana masara, mu kewaye ta. Wata rana ta sa aka shimfiɗa wa Bappa tabarma kusa da ita, ta ce, "Yau Gizo ya huta. Ku matso, wannan da idona na gani."

Labarin Mama Nkechi ne, wata Inyamura da suka yi maƙwabtaka a Jimeta tun Dada na amarya. Matar ta sayar da duk abin da ta mallaka ta fara haɗa giya mai kumfa daga ruwan yazawa, irin wadda Kiristoci ke buɗewa ranar biki murfin ya yi tsalle. "Ni dai ban taɓa kai ta baki ba, Allah ya tsare," in ji Dada, "amma maƙwabciya ta gari ce, ba na ɓoyewa."

To, Mama Nkechi ba ta san zafin Yola ba. Ta jera kwalabe a ɗakin kwano, ranar bazara ta buga su. Da azahar sai tas! tas! tas! Unguwa ta watse, kowa na zaton harbi ne. Aikin shekara guda ya bi ƙasa, tsakar gida sai tsami da ƙudaje.

"Ta yi kuka?" in ji ƙanwata.

"Kuka kai! Har da birgima. Da ta gaji, sai ta ɗaura zani ta shiga tona fasassun."

Can bayan randa, inda ƙasa ke da danshi, ta tarar da 'yan kwalabe ko tsagewa ba su yi ba. Nan ta gane sanyi suke so. Ta haƙa rami, ta sa masu jakuna suka kawo mata jiƙaƙƙen yashin kogin Binuwai, ta binne na gaba a ciki. Daga ramin nan kamfani ya tashi, har yau jikokinta ke riƙe da shi.

Muna shirin tashi sai muka ji wata murya a dushe: "Dada, ita ai wani abu ya tsira mata."

Dada ko waiwayawa ba ta yi ba, tana juya masara. "Kai ka tona naka, Buba?"

Bappa ya shafa jikin rigarsa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da almakashi. Da shi ya gudo, bai ma sani ba.

Na girma kafin na gane ba don mu yara aka ba da labarin nan ba. Ɗanta take neman dawo da shi, lallashi kuma ya ƙi ci, sai ta zagayo ta Jimeta. Washegarin wannan daren da safe, ina shirin makaranta, Bappa ya kira ni da sunana, ya ce in cire rigar nan ya gani, hannunta ya yi mini tsawo.