Tsamin masar Inna

"Inna, sauke ƙwaryar nan daga bisa tol!" Haka nike ta ihu cikin telehon, ina tsaye tsakiyar labo, ɗakin gwaje-gwajenmu a Yamai, abokan karatu na kallona.

Inna ƙanwar uwata ce, masa take toyawa kasuwar Buza. Ba ta sayen lebir na kanti, mai sa ƙullu tashi. Kullum sai ta rage ɗan ƙullu mai tsami ta zuba cikin na gobe, yadda kakarmu ta saba. Kwatsam ƙullu ya bar tashi. Masa ta zama kamar takalmin roba, masu saye sunka watse, har Inna ta hwara zancen kihe tanda ta huta.

Da na zo hutu na ɗebi tsamin cikin kwalba. Da na koma labo na shuka shi, in ga yadda lebir ɗin cikinshi ke tsirowa. Maimakon ɗigo manya-manya, sai 'yan mitsi-mitsi kamar geron da bai ƙosa ba. Nan take na gane su, mun yi su a aji. Cikin kowace ƙwayar lebir akwai wani ɗan murhu, mitokondiri, mai nashi ADN daban, wato rubutun gado. In ADN ɗin nan ya lalace ƙwayar ba ta mutuwa, amma ƙarhinta ya tahi, kuma haka ɗiyanta za su gada. Zahi mai yawa na jawo hakan. Inna kuwa, tun da anka yi mata ruhin tol, wato kwano, can take aza ƙwaryar ƙullu rana tsaka, wai don ya yi saurin tashi.

"To na sauke. Sai ya warke?" in ji ta cikin telehon.

"Ba ya warkewa, Inna. Zubda shi."

"Tsamin uwata? Ke, boko ya taɓa miki kai?"

"Ɗaya yayar taki ta Garhanga hwa? Ba tare anka raba muku ba?"

"Waccan marowaciya?"

Ta dai tura mai moto, ya dawo da tsami cikin ɗan gwangwani. Na ce ta aje shi gindin randa, bisa jiƙaƙƙen rairai.

Ran kasuwa sai ga saƙon murya daga Inna, hayaniya ta cika shi. Ƙullu ya tashi har ya zubo ƙasa, masa ta ƙare tun ba a kira azahar ba. Ina jin ta tana gaya wa mata: "Ɗiyata ce, likitar masa!"

Na saurare shi har batir ya mutu. Ku gaya mini, cikinku wa anka taɓa ba muƙamin da ya kai wannan?