Simintin da ke Kwatangwalon Baba

Mahaifina birkila ne. Shekara arba'in yana kwaɓa siminti a Lafiya, sai ga shi da tsufa shi aka kwaɓa wa. Kwatangwalonsa na hagu ya cinye, har ta kai shiga keke napep ma sai an ɗaga shi. Likita ya nuna mana hoton ƙashin, ya ce ya yi sakayau, ba zai riƙe ƙarfen da za a sa masa shi kaɗai ba, sai an ɗura siminti cikin ƙashin cinya a kafa ƙarfen a ciki.

"Bulon da yashi ya yi wa yawa ke nan," in ji Baba. "Wa zai kwaɓa?"

"Ni, Baba," in ji likita.

Baba ya dubi hannun likita, hannun da bai taɓa riƙe shebur ba, ya ja tsaki.

Aka yi aiki lafiya. Washegari nas ta kawo ƙarfen dogarawa, ta ce ya tashi ya taka. Nan fa ake yinta. Baba ya ce bai taɓa barin kowa ya hau dekin, wato rufin kankare, kafin sati uku ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Likita ya ce wannan ba simintin gini ba ne, tun kafin a ɗinke ya kama.

"Haka duk ɗan kwangila yake faɗa kafin gini ya rufta."

Ya kwanta abinsa yana ɗirkar ruwa, wai yana ba siminti ruwa kada ya tsage. Ni dai dariya nake, har likita ya ja ni gefe ya ce idan Baba ya ci gaba da kwanciya jini zai iya daskarewa a ƙafar, ƙila ma ya kwanta ke nan har abada. Na tsorata sosai.

A bayan ɗakin da aka kwantar da shi ana gina katanga. Na samu birkilan da ke aikin, ashe ya taɓa aiki a ƙarƙashin Baba. Na roƙe shi ya cire igiyar daidaita bulo ya jera layi ɗaya a karkace. Na dawo na buɗe taga.

"Baba, dubi aiki mai kyau."

Ya leƙa daga kan gado, fuskarsa ta canza. Ya ƙwala kira, mutumin ya yi kunnen uwar shegu, ya ƙara ɗora bulo. Ban ankara ba Baba ya jawo ƙarfen dogarawa, nas ta tallafe shi, taku huɗu sai ga shi a bakin taga.

"Kai! Ina igiya? Haka na koya maka?"

Mutumin ya ɗago yana dariya. "Oga, ashe dekin ya kama!"

Baba ya dubi ƙafafunsa. Ya ɗan danna ta hagun a ƙasa, yadda yake gwada sabon daɓe. Ni kuwa hawaye nake, na kasa ɓoyewa.

"Ya kama," ya ce a hankali. "Amma kada ki gaya wa likitan nan."