Ƙasar Yaɓe Daga Gindin Madatsa

Shekarar da zinariya ta bayyana kudu da Maradi, wajen iyaka, har rami ya rufta da mutane, Allah ya jiƙansu, ita ce shekarar da aka kawo injin niƙan dutse garinmu. Garin ƙarami ne, tsakanin Gidan Sori da Cadakori, gero da wake muka sani. Wanda ya kawo injin taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Ya je can wurin haƙa, Allah ya fito da shi da ransa, ya dawo da sana'a. Ana kawo masa dutse cikin buhuna, ya niƙa, a wanke, a fitar da abin da aka samu.

Wankin yana barin laka mai launin toka, mai laushi kamar ƙullu. A cikinta akwai ragowar wani farin ruwa mai nauyi da suke kama zinariya da shi, wanda aka ce guba ne ga mutum da dabba. Sai taubashina ya haƙa rami a kan tudun gabas, ya kewaye shi da madatsar ƙasa, yana zuba lakar a ciki. Laka na ƙaruwa, yana ƙara wa madatsar tsawo, har ta wuce kan mutum. Ƙarƙashin tudun nan kuwa tafkinmu yake. Daga shi dabbobin gari ke sha, da shanun Fulanin da ke zaune yamma da mu, har tsakiyar rani, kuma ba mu da wani. Gonata ta gado tana kudu da madatsar, daf da ita.

Cikin bazara wani ma'aikaci ya zo a kan babur daga buron kula da muhalli. Ya zagaya madatsar, ya hau, ya sauko, sannan ya zauna da mai gari. Ya ce a yanka wa ruwa hanyar fita nesa da tafki tun kafin damina, kada ya cika har baki. Ya ƙara da cewa kada kowa ya taɓa gindin madatsar, don gindin ne ke riƙe da nauyin duk abin da ke ciki. Da yake masu karatun boko ba su da yawa a garin, mai gari ya sa na rubuta gargaɗin da ajami a jikin katako, aka kafa a wurin.

Na tambayi taubashina yaushe zai yanka hanyar.

Ya ce, "Malam, kai da ba ka san ƙarshen shebur ba, ina ruwanka? Damina da sauranta."

Na ce, "Haka gyartai ke cewa, har ƙwarya ta rabe gida biyu."

Ya yi dariya ya koma wajen injinsa.

To, bazara a wurinmu lokacin yaɓe ne. Kowane magidanci sai ya nemi ƙasa ya gyara katanga da rufin soro da rumbu kafin ruwa ya sauka. Kududdufin da muka saba ɗiba yana da nisa, kuma a lokacin ya bushe ya yi tauri, sai da diga. Ƙasar gindin madatsa kuwa ga ta kusa, ba tauri, da ɗan danshinta, ko ruwa ba ta sha da yawa wajen kwaɓi. Amalanke ɗaya ta fara. Washegari wata ta biyo. Ba wanda ya yi da mugunta, kowa gani yake amalanke guda ba ta rage komai a wannan tulin. Wata tsohuwa da na tarar tana cika kwando ta ce mini, "Malam, ai ƙasa ta Allah ce, murhu kawai zan gyara." Katakon da na rubuta kuwa ya yi amfani, don a jikinsa suke ɗaure jaki. Kafin shuka, gindin madatsar ta wajen tafki ya yi kogo.

Ruwan farko ya zo da sauƙi, muka yi shuka. Gero ya kai idon sawu sa'ad da aka yi babban ruwan. Ya fara bayan azahar, bai tsagaita ba sai la'asar. Muna fitowa daga masallaci sai ga dattijon Fulani, shugaban rugar yamma, a jiƙe, da sandarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Malam, ganuwar mai inji tana zufa. Ku zo ku gani."

Muka tafi. Ruwa ya kusa baki. A kogon da aka ƙwaƙule, ruwa mai launin toka na tsatstsafowa, ƙasa na zubewa kaɗan-kaɗan, kuma gangaren kai tsaye tafki ya nufa. Taubashina na tsaye a sama da shebur, ya rasa inda zai fara.

Dattijon ya ɗaga kai ya ce masa, "Kai mai inji, in wannan ya shiga tafki, ina zan kai shanu? Gidanka?"

Taubashina ya ajiye shebur. Ya sauko ya zo gabana. Ya ce, "Malam, duk inda na yanka tafki zai je. Sai ta kudu."

Kudu gonata ce. Na dubi geron, ya yi kore shar bayan ruwa. A kusurwar nan mahaifina ya koya mini riƙon hauya. Na ce, "Yi bismilla ka yanka."

Mai gari ya raba mutane biyu. Wasu suka hau da diga da shebur suna yanka hanya ta kudu. Sauran suka koma gida suka ɗauro amalanke, waɗanda dai suka kwashe ƙasar, suna kawo buhunan yashi ana cusawa a kogon. Da aka buɗe hanyar, ruwan ya bi ta a hankali, sannan ya yi ƙarfi, ya shimfiɗu a gefen gonata da lakarsa. Kafin magariba ya sauka sosai a cikin ramin, tsatstsafowar ta ragu. Madatsa ta tsaya, alhamdu lillahi, tafki bai gauraya ba.

Ma'aikacin ya dawo bayan ƴan kwanaki. Ya sa aka tsayar da injin, aka rufe ramin da jar ƙasa. Waɗanda suka yi yaɓen cikin ɗaki da ƙasar nan ya ce su kankare. Gefen gonata kuwa ya ce a kewaye shi da ƙaya, kada a ƙara shuka abin ci a wurin, kada dabba ta yi kiwo.

Ban nemi komai wurin taubashina ba, don ni na ce a yanka. Amma shi abin ya tsaya masa. Da kaka ya aiko da dammunan gero, na mayar, na ce iyalinsa sun fi ni buƙata, ga inji a tsaye. Ya bar biyowa ta ƙofata.

Da bazara ta zagayo, ya yi sallama da safe tare da mai gari, da igiya a hannu. Muka je aka auna wurin da laka ta ci, tsawo da faɗi. Daga nan muka wuce gonarsa ta arewa, ya auna daidai haka ta gefen da ya fi taki, ya ce mai gari ya shaida, ya ba ni wannan, ni da ƴaƴana.

Na ce, "Ba ka bar mini gefen tsakuwa ba?"

Ya ce, "Karɓi, Malam, kada in tuna ni ɗan kasuwa ne."

Aka dasa gamba a kan iyaka, mai gari ya ce in yi addu'a, muka shafa. Da ruwa ya sauka na shuka gero a wurin, na ratsa wake a tsakani.