Hannun Hagu da Ɗakin Kawu

Yayata Afia Sarpomaa tun tana ƙarama ba ta barin rediyo ya zauna lafiya. Ta kwance na Kawu Amankwa, aka ce yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ni Kwaku na kwance fitila ɗaya tak, na sha bulala. Haka muka taso a Kumasi: ita jami'a, ni aji uku na sakandare na ce wa boko sai wata rana.

Yanzu bincike take yi, digiri na uku. Ta ƙera wani hannun ƙarfe mai ido, wai zai riƙa ware ƙwallon koko, wanda ake cakulan da shi, mai kyau da ruɓaɓɓe. Ba gaya masa ake yi ba, hotuna ake ɗura masa dubbai har ya gane da kansa. Ta yi damina guda a ƙauyenmu, manoma na ɗaga mata koko tana ɗaukar hoto.

Duk wannan bai dame ni ba, sai da ta sa ido kan ɗakin Kawu na bakin titi, wanda na daɗe ina lallaɓa shi ya ba ni in buɗe shagon aski.

"Kawu, ƙarfe fa ba ya jin sauro," na ce. "A ajiye shi a tsakar gida mana."

"Rufe mini baki. A kawo shi in gani tukuna."

Ranar Lahadi bayan an ci sakwara aka kafa shi. Duk wanda ya miƙa koko mai kyau, sai hannun ya karɓa ya sa a kwando, mata na tafi. Haushi ya cika ni. Na ɗauki wani jajir lafiyayye, na miƙa masa da hagu don raini. Ya karɓa, ya wurga a shara.

"Kun gani! Dakta, ɗanki makaho ne!"

Afia ta ciro shi daga shara. Ta ce in sake da dama. Kwando. Da hagu. Shara. Sai ta dafe kai ta fashe da dariya.

"Wayyo, mutanen ƙauye! Ba mai miƙo abin kirki da hagu. Ruɓaɓɓen kaɗai suka riƙe mini da hagu. Ba koko ya koya ba, hannu ya koya!"

Na juya wajen Kawu ina jiran makulli. Ya dube ni sama da ƙasa.

"A gabana ka miƙa abu da hagu? Ƙarfen nan ya fi ka tarbiyya. Afia, ɗakin naki ne."

Ta rubuta maƙala a kan kuskuren, aka gayyace ta taro a Kigali. Ni kuma ina aski a gindin mangwaro, daidai tagar ɗakin. Kullum da safe idon nan na kallona, ni ma in ɗaga masa hagu.