Ƙafar da Ba Ta Yi Kama da Komai Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da aikina mafi muni ya ceci shagonmu ba. Wannan ya faru 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ina koyon kafinta a unguwar Zahir ta Makka, wurin Mu'allim Haruna, Basakkwace haifaffen Makka. Ku yaran yanzu ku sani, matakai uku ne a shago: mu'allim shi ne maigida, sai ƙwararrun ma'aikata, sai ɗan koyo. Ni ne na ƙarshen, ga gemu ga mata, amma da tsintsiya na fara.

Wani attajiri ya ga teburi a Jidda mai ƙafafun shaho riƙe da ƙwallo, ya ce lallai sai irinsa kafin baƙinsa na Hajji su iso. Ya kawo katakon Jawa wanda ba mu da madadinsa. Mu'allim ya ce zai sassaƙa ƙafafun huɗu da kansa, ni kuma in riƙa bin sa a kan guntun itace.

Hanyar aikin ita ce: a zana, a yanke da zarto, a fitar da ƙwallon tukuna, sannan yatsu, farce a ƙarshe. Ni kuwa gaggawa ta sa kullum da farce nake farawa. Mu'allim ya miƙo mini rumman na Ɗa'ifa ya ce, "Damƙe shi, ɗan Kano. Mi ka gani a bayan hannunka?"

Na ce, "Jijiyoyi."

"To, su za ka sassaƙa. Riƙo ake nunawa, ba yatsu ba."

Na yi ta fama har na fitar da ƙafa guda. Ƙwallon ya zama kamar dankali, yatsun kuma kowanne ya kama gabansa. Amma ina son ta, don ita ce ta fari. Na ɗora ta a bakin ƙofa, ko wani zai yaba.

Ana gab da haɗa teburin sai ga wani dattijo da sandarsa, cikin masu zaga kasuwa suna hani da mummuna. An gaya masa muna sassaƙa surar abu mai rai. A wancan zamani in ya tabbatar, a gabansa za a farfasa aikin, katakon attajiri ya tafi, sunan shago ya bi shi. Mu'allim ya tare shi da fara'a: "Ahlan ya shaikh, tafaddal, ka duba da idonka."

Ƙafafun da Mu'allim ya sassaƙa suna can ciki kan benci. Kafin dattijon ya kai gare su, idonsa ya faɗa kan tawa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya kawo ta kusa da hanci, ya sake juyawa.

"Wannan ce ƙafar tsuntsun?"

Na yi caraf na ce, "Na'am, shaho ne!"

Ya dube ni da tausayi. "Ya waladi, abin da ba shi da kai ba sura ba ne. Balle wannan, wallahi ba ta yi kama da komai ba cikin halittar Allah." Ya ajiye ta, ya yi sallama, ya fita yana girgiza kai.

Mu'allim ya yi hamdala, ma'aikata suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kaɗai na tsaya ina jin haushi, na rasa ko godiya zan yi ko kuka. Teburin ya tafi gidan mai shi lafiya.

Daga baya hannuna ya faɗa, na sassaƙa ƙafafun da har Mu'allim ya rasa abin gyarawa. Duk an sayar, ban san inda ko ɗaya take ba. Wannan sana'a ta koya mini kada in raina aikin ɗan koyo, don ba ka san ranar da zai yi ba. Shi ya sa ba na barin ku ku jefa na farinku a wuta. Tawa Mu'allim ya rataye ta a bakin ƙofa har ya bar duniya, kuma duk baƙon da ya tambayi mece ce, cewa yake, "Mai gadinmu ce."