Ɗan Yaya Ya Ciyo Tagulla

Mu a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yaba shi gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ba ita za ta ɗaga shi ba. Haka na tarar uwata tana yi, haka kakanninmu suka zo da abin daga Kano, haka ni ma na yi a nan unguwar Briqueterie ta ƙasar Kamaru ba tare da kowa ya ce in yi ba. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace.

Da na yaye nawa, sai yayar mijina, wadda muke kira Yaya, ta zo ta goya shi ta tafi da shi, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Gidanta ba nisa, lungu ɗaya muke, in ta daka barkono har mu sai mun yi atishawa. Ita ya taso yana kira Inna. Ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In maganarsa ta kama, sai in ce ɗan Yaya. Na haifi wasu bayansa, na kira sunayensu son raina, amma shi ɗan Yaya ne.

Mijin Yaya mahauci ne a mayankar Etoudi, can yaron ya girma, yana saɓa cinyar sa a kafaɗa kamar ya ɗauki tabarma. Mahauta kuwa da dambe aka san su. Ana nan, ana nan, wani ya ga hannunsa, ya kai shi ɗakin da ake damben zamani, wanda ake sa safa mai kumburi a hannu biyu. Ana nan, ana nan, sai aka ce an zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci Kamaru a babban taron wasanni na ƙasashe, inda masu gudu da masu tsalle da masu ɗaga ƙarfe da masu iyo suke haɗuwa, kowace ƙasa da tutarta.

Ran da zai tafi ya shigo sallama. Ina tsintar shinkafa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Adda, za mu tashi."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya miƙe ya fita. Ina jiyo Yaya daga gidanta tana ta faɗi, ga kilishi, ga dakuwa, kada ya ci abin da bai sani ba, kada ya bar salla. Ta rako shi har bakin titi tana riƙe da hannun rigarsa. Shinkafar nan dai da tsakuwarta aka ci ta ranar.

Da aka fara wasannin, sai aka fito da telen Yaya, wato talabijin, tsakar gida, aka ɗora ta kan turmi da faifai, aka shimfiɗa tabarmi. Unguwa ta koma can. Teloli suka riƙa barin kekunansu, masu tsire suna barin yara a bakin wuta. Unguwarmu kuwa kun san ta, rabinmu muna da dangi a Nijeriya, don haka kullum sai an yi gardama. In 'yan gudun Nijeriya suka wuce namu, wasu su yi tsit, wasu su yi murmushi a ɓoye. In wata 'yar Kamaru ta ɗaga ƙarfe ta sauke lafiya, sai a ce wa masu murmushin, to ku koma can mana. Namu wasu sun samo lambar yabo, da yawa sun dawo hannu rabbana. Duk wannan a bakin yarana nake ji, rabi da Hausa rabi da Faransanci, don ni ban taka can ba. Uwar ɗan fari ba ta zuwa ta zauna kallon ɗanta.

Da kunne na bi wasansa. In na ji lungu ya yi shiru, na san ya hau. In na ji ihu ya tashi, guɗar Yaya ta fito sama da ta kowa, na san ya ci. Sai in ci gaba da abin da nake yi, ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Bayan kowane ci, mata su yi ɗango zuwa barka. Ta ƙofata suke wucewa. Wata tsohuwa mai kitso, da ba ta rasa tsokana, ta leƙo ta ce, "Ke, ɗanki ya kusa kashe ɗan mutane, kina nan kina kankare tukunya?"

Na ce, "Wane ɗa? Ni ba ni da ɗa a can. Ku je wajen uwarsa."

Suka kwashe da dariya. Ta ce, "Kai, wannan akwai kunya! Irinku sun ƙare." Suka yaba ni, suka wuce da goronsu da turarensu gidan Yaya. Ni na tashi da yabo, ita ta tashi da baƙi.

Kuma ni ake aiko wa in soya masar da za a ba baƙin nan. In na kai, sai in tarar da Yaya zaune a tsakiya, ta je kasuwar Mokolo ta yanko atamfa mai kore da ja da rawaya irin na tutar Kamaru, ta ɗaura ɗankwali ya yi tsini. Tana cewa, "Ƙarfin nan da kuke gani, kunun gyaɗar da nake dama masa ne tun yana rarrafe."

Tun yana rarrafe! Lokacin da yake rarrafe a ɗakina yake, nonona yake sha. Dogayen hannuwan nan da ake ta magana, na mahaifina ne, duk wanda ya san tsohon ya sani. Ni na yi laulayinsa, ni na durƙusa. Amma na ajiye kwanon masar, na ce, "Yaya, a ƙaro yaji?" Ta ce a ƙaro.

Ba zan ce Yaya ba ta yi wahalarsa ba. Ta yi. Da ya yi ƙyanda ita ta kwana a kansa. Sanin haka bai rage mini komai ba. In na ga ana sa mata albarka, sai in kau da kai in koma gida.

Aka zo wasan da in ya ci zai shiga na ƙarshe. Bayan la'asar ne. Lungu ya yi shiru, shirun ya yi tsawo, ya wuce na kullum. Na kasa zama. Na ɗauki rariyar Yaya da ke wajena, na ce bari in mayar mata. Na shiga, ba wanda ya waiwayo. Na tsaya bayan mutane, jikin randa.

Ga shi nan cikin tele. Rabon da in kalle shi ido cikin ido, ba da gefen ido ba, na manta. Abokin damben nasa wani jibgege ne, wuya kamar na bajimi. Suna zagaya juna, suna zagaya juna. Sai na ga hannun mutumin ya sauka a girar yaron. Jini ya ɓalle, ya rufe masa ido. Alƙalin wasa ya shiga tsakani, ya duba, ya kaɗa hannu. An tsayar da wasan, an ba wancan nasara.

Yaya ta ƙwalla ƙara ta zube. "Wayyo ɗana! Sun kashe mini ɗa!" Mata suka rufu a kanta, wannan na fifita, wannan na shafa mata ruwa, wannan na cewa ki yi haƙuri Inna, yana da rai, ga shi can tsaye. Ni ina jikin randa da rariya a hannu, idona a bushe. Ranar har kukan na yi mata hassada. Ta yi shi da ƙarfi, a gaban kowa, aka kuma rarrashe ta.

Mai kitso ta hango ni. Ta ce, "A'a, yau kin zo kallo?"

Na ce, "Rariya na kawo."

Can sai wani tela ya ce a daina kuka, ai a damben nan wanda ya kai wannan matsayi, ko an doke shi, yana da lambar tagulla. Aka yi ta musu, yaya za a fasa wa mutum gira kuma a ba shi kyauta? Sai da aka ga an rataya masa ita a wuya, da farin ƙyalle manne a ido, sannan Yaya ta tashi ta rangaɗa guɗa da muryar da ta dushe.

Da suka dawo, a gidanta ya sauka, 'yan babur na ta busa ƙaho tun daga bakin titi. Ya cire lambar ya rataya mata. Mai hoto ya ɗauka. Ni ina gida ina tuƙa tuwon taron.

Sai da ƙura ta lafa ya zo gaishe ni, Yaya na biye da shi da lambar a wuyanta, da wasu mata. Ya durƙusa inda ya saba. Ya ce, "Adda, mun dawo."

Na san abin da ya kamata in ce. In ce sannu da hanya, in juya baya, a yaba ni. Amma na ga girar. An ɗinke ta, ta kumbura, ta yi baƙi. Sai na tuna abu ɗaya da ba a hana uwar ɗan fari ba. Ba a hana ta faɗa ba.

Na ce, "Kai, matso nan. Marar wayo."

Ya matso. Na kama haɓarsa da hannu ɗaya, na ɗaga fuskar zuwa haske. Na ce, "Dubi. Dubi yadda ka tsaya ƙato ya ɓata maka fuska. Hannun naka na hagu barci yake yi? Wa zai ba ka mata da wannan ido?" Ina faɗa, ɗaya hannun yana bin goshinsa, yana bin kuncinsa, har bayan kunne. Fatar da zafi. Gemu ya fito masa ban sani ba. Na ce a miƙo mini man kaɗanya, na lakata, na shiga shafawa gefen ɗinkin a hankali, ina ta zaginsa, sakarai, mai taurin kai, wanda ba ya jin magana.

Bai motsa ba. Mutumin da ƙasa ta tura dambe ya rufe ido ya sakar mini nauyin kansa a tafin hannu. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Na gode, Adda."

Matan suna dariya, suna cewa wannan ko lamba ba ta sa ta sassauta masa ba. Yaya kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kallon hannuna. Ta gane. Ta murza lambar da ke ƙirjinta, ta murza, sannan ta ce, "To, ya isa haka. Likita ya ce kada a taɓa wurin. Sakar mini ɗa."

Na ce, "Saura nan gefen."

Na ƙara lakato man, na ɗauki lokacina.

Lambar tana ɗakin Yaya har yau, cikin kabad, tsakiyar kwanukanta na jere. Mun tsufa ni da ita, shi ma ya daina dambe, 'ya'yansa suna wuni a ɗakina. Duk shekarar da wasannin suka zagayo, sai ta fito da ita ta goge da toka da lemun tsami, ta ba duk wanda ya shigo ya riƙe. Ni ma ta taɓa miƙo mini. Na ce hannuna da mai.